Shan Hantsi da Nauyin Zuciya a Lokacin Sanyi

Ka tuno safiyar garin Moriki na jihar Zamfara a tsakiyar hunturu. An idar da sallar Asuba, jaura na kaɗawa, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen lungunku. Kowa ya koma ɗaki ya dunƙule cikin mayafi. Can wajen ƙarfe takwas, da rana ta leƙo ta bisa katanga, sai ka ga dattawa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da buzunsa, wancan da 'yar tabarmarsa, su jeru a jikin bangon da ke kallon gabas. Yara su zo su raɓe, awaki su kwanta a gefe, ƙadangaru su hau bango su miƙe. Shan hantsi ke nan. In ka tambayi ɗayansu abin da ya fito nema, zai ce maka ɗumi. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ita ke nan duka ba. Bayan ɗumin da fata ke sha, akwai wani abu da jiki ke karɓa ta ido, kuma shi nake so mu bi sannu a hankali, har ya kai mu ga wata cuta da ke kama mutane in rana ta gajarta, wato ciwon damuwa na lokacin sanyi.

Mu fara daga gona, tunda can ba ka buƙatar ɗan jagora. Ka ɗauki manoma biyu a hanyar Zurmi. Ɗaya ya shuka dawarsa ta gargajiya da ruwan farko, ɗayan bai samu yin shuka ba sai bayan mako uku. Da gero ne, da kowanne zai ƙirga kwanakinsa, na farko ya riga na biyu nuna. Dawa ba haka take ba. In damina ta karkata, sai ka ga gonakin biyu sun fitar da kai kusan tare, kamar an yi musu shela. Maiwa ma haka, waken gargajiya ma haka. Me suke jira? Tsawon dare suke aunawa. Daga ƙarshen watan Yuni dare yakan fara ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kuma sai ya kai wani tsawo da dawar ta sani sannan take yarda ta ɗauki ciki. Masu binciken aikin gona na Samaru ta Zariya sun daɗe da tabbatar da wannan. Mai kiwon kajin ƙwai shi ma ya san zancen ta wata fuska: in yana son ƙwai ya yawaita, yakan bar musu fitila a kunne bayan faɗuwar rana, domin da tsawon haske jikin kaza ke gane lokacin yin ƙwai.

To in tsiro da tsuntsu suna karanta tsawon rana, ba abin mamaki ba ne a ce ɗan Adam ma yana karantawa. Akwai agogo a jikinka, kuma ka taɓa jin aikinsa. Tuna makon farko bayan Ƙaramar Salla. Azumi ya wuce, babu mai tashinka sahur, amma sai ka farka da kanka wajen ƙarfe huɗu, cikinka na neman abinci. Ba wanda ya taɓa ka, agogon ne ya saba. Mazauninsa can cikin ƙwaƙwalwa yake, daidai bisa inda jijiyoyin idanu biyu suke gicciye juna. Ɗan curi ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai ƙwayoyin halitta kimanin 20,000, amma shi ke tsara lokacin barci da farkawa, da lokacin jin yunwa, da hawa da saukar zafin jiki. A shekarar 2017 an ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel saboda gano yadda haƙoran irin wannan agogo suke juyawa a cikin ƙwayar halitta, kuma a jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka gano shi.

Ga inda zancen ya fara daɗi. Agogon nan ba ya tafiya da rana cif-cif. In aka ajiye mutum inda ba ya ganin rana ko wata alamar lokaci, wunin jikinsa yakan zarce awa 24 da kimanin minti goma. Ka san irin agogon hannun da dattijo ke ɗaurawa, mai lattin 'yan mintoci kullum? Ba ya jefar da shi. Kowace safiya, in rediyo ya faɗi lokaci kafin labarai, sai ya murɗa shi ya daidaita. In ya yi mako biyu bai saita ba, zai riƙa isa masallaci an sallame. Agogon jikinka ma kullum yana son saiti, kuma rediyonsa shi ne hasken safe.

A can ƙarshen ido, ban da ƙwayoyin da ke ganin siffa da launi, akwai wasu 'yan kaɗan da aikinsu daban ne. Ba ruwansu da ko abin da ke gabanka saniya ce ko bishiya. Abin da suke dubawa kawai shi ne gari ya waye ko bai waye ba, kuma hasken ya kai wane ƙarfi. Su ke kai wa agogo labari. Shi kuma agogon yana da sanƙira, wani sinadari da ake kira melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki cikin jini in duhu ya yi. Melatonin yakan zaga jiki yana shelar cewa dare ya yi, kowa ya sassauta aiki. Da hasken safe mai ƙarfi ya shiga ido, sai a ce wa sanƙira ya isa haka, ya yi shiru, jiki ya wartsake. Akwai kuma wani sinadarin, serotonin, mai hannu a walwala da natsuwa da jin ƙoshi, wanda bincike ya nuna ƙwaƙwalwa ta fi sarrafa shi a ranakun da haske ya yawaita.

Yanzu, me ke gajarta rana? Duniya a karkace take kewaya rana, kamar tulun da aka jingine, da kimanin digiri 23 da rabi. Samu lemo ka soke shi da tsinke daga sama zuwa ƙasa, ka karkata tsinken, ka zagaya fitila da shi ba tare da ka sauya inda tsinken ke nuni ba. Za ka ga a wani gefen saman lemon ya sunkuya wajen fitila yana shan haske, a ɗaya gefen kuma ya ja baya ya faɗa inuwa. Tsakiyar lemon kuwa, wurin ɗamararsa, duk inda aka kai shi rabonsa na haske ba ya sauyawa sosai. Mu kusa da ɗamarar muke. Moriki tana kimanin digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka wuninmu mafi gajarta, a Disamba, yakan kai awa 11 da kimanin minti 20, mafi tsawo kuma, a Yuni, ya kusa awa 13. Ka lura da shi a Magariba: da hunturu shida da 'yan mintoci an kira, a farkon damina sai wajen bakwai. Bambancin duka awa ɗaya da rabi ne. A Landan kuwa wunin ƙarshen Disamba bai cika awa takwas ba. Rana ba ta fitowa sai takwas na safe ta gota, kafin huɗu na yamma an yi Magariba, ɗan wunin ma yawanci gajimare ya lulluɓe shi. A Mosko awa bakwai ne. A garin Tromso na ƙasar Norwe rana ba ta fitowa ɗungum daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu.

Ka ƙaddara wani yaronku ne ya gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, Allah ya yi masa buɗi, ya tafi Ingila ƙaro ilimi a watan Satumba. Da farko lafiya lau. Nuwamba na shiga, sai ya zama ya fita gida cikin duhu, ya wuni a aji ko wurin aiki ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya dawo cikin duhu. In ka tambaye shi zai ce ai akwai haske, ko sau ɗaya ba a ɗauke wuta ba. A nan ne ido ke ruɗin mu. Ido gwanin sabo ne, yana buɗewa yana tsukewa har ɗaki ya yi maka kamar yana da wadataccen haske, amma in aka kawo ma'auni sai bambancin ya ba ka mamaki. Ma'aunin haske sunansa luks. Ɗakin da aka kunna wa lantarki da wuya ya wuce luks 300 zuwa 500. Waje, ko da hadari ya rufe sama, ana samun dubu ko dubbai. Rana tsaka a fili, irin ta Zamfara, tana iya kai 100,000. Ka ga ke nan, in mutum ya wuni a ɗaki, labarin da ƙwayoyin nan ke kai wa agogo shi ne gari bai gama wayewa ba. Sai agogo ya riƙa zamewa baya, sanƙira ya daɗe yana shela, yaro ya tashi ƙarfe tara alhali jikinsa na can cikin dare.

Wanda ya sa wa cutar suna ma irin wannan baƙon ne. Norman Rosenthal likita ne haifaffen Afirka ta Kudu, ƙasa mai wadatar rana. Ya koma Niyok a 1976 domin ya ƙware a aikin likitan ƙwaƙwalwa, sai ya lura a karan kansa cewa da sanyi ya shigo kuzarinsa kan zube, da wuni ya fara tsawo kuma ya dawo. A 1980 Alfred Lewy da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta Amurka suka nuna cewa haske mai ƙarfi yana tsayar da melatonin a jikin mutum. A 1984 Rosenthal da tawagarsa a wannan cibiya suka wallafa bayanin marasa lafiya 29 da ke faɗawa cikin damuwa duk sanyi su farfaɗo in rana ta dawo, suka kuma nuna cewa waɗanda aka zaunar gaban fitila mai ƙarfi sun samu sauƙi. A 1990 aka kwatanta wasu garuruwan gabashin Amurka: a Filorida mai rana, masu cutar ba su kai 2 cikin 100 ba, a Niyu Hamsha kuwa, can arewa kusa da Kanada, sun kusa 10 cikin 100.

Yaya take a jikin mai ita? Kowa yakan ji kasala in gari ya yi sanyi, wannan ba cuta ba ce. Cutar ita ce in nauyin ya zauna kusan kullum, mako biyu ko fiye, har ya hana mutum abin da ya saba yi. Zuciya ta yi ƙunci ba tare da wani ya ɓata ta ba. Abin da ke ba shi daɗi a da, hira ko ƙwallo ko karatu, ya koma lami kamar miyar da ba gishiri. Hannu da ƙafa su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Ya daina ɗaukar waya. Sannan ga alamomin da suka fi bambanta ta da sauran ciwon damuwa. A maimakon rashin barci, sai barcin ya yi yawa, awa goma ko fiye, a kuma tashi ba a ƙoshi ba. A maimakon rashin cin abinci, sai kwaɗayin kayan zaƙi da burodi da taliya ya taso, musamman da yamma, jiki ya ƙara nauyi. Likita ba zai ce mai bin lokaci ce ba sai ya ga ta zo a lokaci guda ta tafi a lokaci guda aƙalla shekara biyu a jere. Ta fi kama mata, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 30.

Mu dawo gida. Tsakani da Allah, irin wannan cuta da gajartar wuni kaɗai ke haifarwa gidanta can ne, ba nan ba. Awa ɗaya da rabin da hunturu ke rage mana ba a bakin komai take ba in aka ajiye ta kusa da ta Landan. Ko hazon nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda ke mayar da rana kamar farin faifai har ya hana jirage sauka a Kano, bai isa ya mayar da tsakar gidanka duhun ɗaki ba. Safiyar da ta fi kowace hazo, in a waje kake, ta ninka hasken ɗakinka sau da yawa. A wasu ƙasashe masu zafi irin su Indiya ma an fi ganin damuwar da ke tasowa da tsananin zafi, mai zuwa da rashin barci da rashin cin abinci, abin da duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu zai gane.

Amma kada ka yi saurin cewa to ba ruwanmu. Agogo ba hasken da ke sama yake ƙirgawa ba, wanda ya shiga ido yake ƙirgawa. Wa ke wuni a ɗaki in jaura ta tsananta? Tsohuwar da gwiwa ta hana fita, an toshe mata taga da tsumma an ajiye mata kaskon wuta. Mai jegon da aka ce kada iska ta buge ta. Majinyaci. Saurayin da aikin gona ya ƙare masa, ya raba dare yana latsa waya, ya yi barci har hantsi ya wuce: hasken dare na tura agogonsa baya, na safen da zai dawo da shi kuma ya kuɓuce masa. Waɗannan, a tsakiyar ƙasa mai rana, suna iya samun kansu cikin ƙaramar Landan. Ni ina ganin magabatanmu sun yi hikima da suka bar tsakar gida a buɗe. Mace ko ba ta taka ƙofar gida ba, daka da shara da wanke-wanke duk a ƙarƙashin sama take yin su. Sabon ginin birni da ake rufe tsakar gida da kwano, a sa gilashi mai duhu da labule mai kauri, yana tare ƙura, gaskiya ne, amma hantsi ma ba ya shiga.

Sannan hunturu a wannan yanki yana zuwa da nasa kayan nauyi da ba su shafi haske ba. An gama kaka, maza sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas ko wuraren haƙar zinari, gida ya yi tsit, an bar mata da tsofaffi da lissafin abin da ya rage a rumbu. Tari da mura da asma suna hana barci. Ga kuma abin da duk mazaunin tsakanin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda ba ya buƙatar a gaya masa, wato shekarun nan na 'yan bindiga. Akwai wanda bai iya taka gonarsa ba bana. Akwai wadda ta baro ƙauyensu da goyo da ɗan ƙullin kaya, tana kwana a ajin makaranta ko zauren wani. Akwai mai jiran labarin ɗan'uwansa da aka ɗauke. Da damina aiki yakan ɗan shagaltar da zuciya. In aiki ya ƙare, dare ya yi tsawo ya yi sanyi, sai tunani ya samu fili. Irin wannan ƙunci ba fitila ce maganinsa ba, kuma zalunci ne a kira shi ciwon yanayi. Tsaro yake buƙata, da abinci, da bargo, da mai saurare, sau da yawa kuma da likita.

Saboda haka, duk wanda jikinsa ya mutu da hunturu, a fara duba jikin tukuna. Ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon suga, da raunin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, duk suna kawo kasala mai kama da wannan. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa, gawayi. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe yana fitar da iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi. Kaɗan daga cikinta na sa ciwon kai da jiri da mutuwar jiki da safe, mai yawa kuwa na kashewa cikin barci. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a kuma bar kafar iska.

In an tabbatar damuwar lokacin sanyi ce, maganin farko ka riga ka san shi, da shi muka buɗe zancen. Ka fita waje da safe, da zarar gari ya yi haske, ka yi rabin awa ko fiye. Ba a ce ka kalli ƙwayar rana ba, wannan ɓata ido yake yi. Ka dai kasance a fili, ba cikin baƙin tabarau ba. Me ya sa sai safe? Saboda agogonmu mai latti ne. Hasken safe yana jawo shi gaba, hasken dare yana ƙara tura shi baya. Hasken ɗaya ne, lokacin shan sa ne ke sauya aikinsa. In ƙura na damunka, rufe hanci da baki da rawani ko gyale, ido kawai ake buƙata. In kuma ka haɗa da tafiya, zagayen gari ko zuwa gaishe-gaishe, to ka ƙara riba, domin motsa jiki shi kansa yana rage damuwa.

Mutanen ƙasashen sanyi kuwa, da hantsin ya ƙi samuwa, an ƙera musu nasu: akwatin haske mai ba da luks 10,000, wanda aka tace masa ɓangaren hasken da ke ƙona fata. Mutum ya ajiye shi gefen fuskarsa yana karin kumallo ko karatu, minti 20 zuwa 30 kowace safiya. Da yawa sukan fara jin sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu, amma in aka daina kafin sanyi ya wuce nauyin kan dawo. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki kasa jure haske, da wanda aka san damuwarsa kan juye ta koma zumuɗi da surutu da rashin barci, kada su fara sai da izinin likita. Baƙar fata kuma a ƙasar da rana ta yi rauni ba ta haɗa isasshen bitamin D, shi ya sa hukumomin lafiya na Birtaniya suke ba masu irin fatarmu shawarar shan maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Yana da amfani ga ƙashi da tsoka, amma kada a ɗauke shi maganin damuwar.

Sai a kafa lokacin tashi a riƙe shi, ko an yi barci mai daɗi ko ba a yi ba. Asuba ta riga ta kafa mana turke, inda ake faɗuwa shi ne komawa ƙarƙashin bargo har ƙarfe goma. A ajiye waya awa guda kafin kwanciya. Kwaɗayin zaƙin nan kuma ba a yaƙar sa da yunwa, da abin da ke riƙe ciki ake lallaɓa shi, wake da gyaɗa da ƙwai da zogale.

Abin da ya fi wuya shi ne komawa cikin mutane. Cutar tana raɗa wa mai ita cewa ya ɗan kwanta tukuna, in ya ji ƙarfi sai ya fita. Ƙarfin ba zai same shi a kwance ba, fitar ce ke kawo shi. Kamar injin niƙa ne da sanyin safiya: sai an juya hannu da ƙarfi kafin ya kama, in ya kama kuma ya ci gaba da kansa. Shi ya sa ake shawartar mutum ya ɗaure kansa da alkawari, ya ce wa aboki gobe ƙarfe tara ka biyo mini mu je kasuwa, domin kunyar aboki tana tayar da wanda niyya ta kasa tayarwa. Masana halayyar ɗan Adam sun mayar da wannan dabara magani mai tsari. Ana zama da ƙwararre ana warware tunanin nan na "sanyi ya zo, na shiga uku", ana kuma cike makonni da ayyukan da mutum ke so. Kelly Rohan ta Jami'ar Bamont a Amurka ta gwada wannan hanya da akwatin haske, ta ga sun yi kunnen doki a sanyin farko, amma bayan sanyi biyu cutar ta fi dawo wa masu akwatin. In ciwon ya yi nauyi akwai magungunan damuwa da likita ke rubutawa. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, ba a kuma yanke su farat ɗaya. Abin da ba magani ba ne shi ne tiramol da kodin da 'yan'uwansu da ake saya a ɓoye, masu ɗaga mutum na 'yan sa'o'i su sake shi a ramin da ya fi na da zurfi.

Yanzu gare ka, kai da ke zaune da mai wannan hali. Kalmomin da suka fi saurin zuwa baki su ne lalaci ne, raki ne, ƙarancin tawakkali ne, ko an yi masa jifa. Ka riga ka bi hanyar tun daga ido har cikin jini, don haka ka san ba lalaci ba ne. Baƙin ciki kuma bai taɓa zama shaidar raunin imani ba. A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda a cikinta ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. A yi addu'a a kuma nemi magani, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini. In har ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara kamar mai shirin tafiya, ko ya daina ci da sha, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. A fara da babban asibiti mafi kusa, daga nan ana iya tura shi asibitin tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna. Zuwa Kware ba shaidar hauka ba ce. Da yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani, su koma gida a ranar.

A Norwe akwai wani ƙaramin gari, Riyukan, da ke cikin kwari tsakanin duwatsu, inda rana ba ta sauka kusan wata shida a shekara. A 2013 suka kafa manyan madubai uku a bisa dutse, kwamfuta na juya su suna bin rana, suna harbo haske tsakiyar dandalin garin, mutane na fitowa su tsaya cikin ɗan filin da hasken ya faɗa. In kana da ɗa ko ƙane a irin waɗannan ƙasashe, ka fara sa ido tun Oktoba, kada ka jira Janairu. In ka kira, kada ka tsaya a "yaya sanyi", domin amsar kullum "alhamdu lillahi" ce. Tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi, ko ya fita waje yau, da wa ya ci abinci a makon nan. Da hunturu agogonmu na gaban na Ingila da awa ɗaya, don haka in ka kira ƙarfe goma na nan, tara ce a can, rana ta fito. Ka ce masa ya sa rigar sanyi ya fita yana tafiya kuna magana. Tsohuwar da ke ɗaki kuma, gobe da hantsi a kama ta a fito da ita, a shimfiɗa mata tabarma jikin bangon da ke kallon gabas, a lulluɓe mata ƙafa, a kai mata kununta can, wani ya zauna kusa da ita har ta shanye.